Yadda za ka ɗora kiɗa a injin ganga mai maɓalli 16

Jiya a situdiyonmu da ke Tudun Wada a Gombe yara suka cika ni da musu, wai wace sabuwar sintesaiza, wato na'urar haɗa sautin kiɗa, kamfanin Roland ko Korg za su fito da ita a bajekolin kayan kiɗa na NAMM da ake yi a Amurka a watan Janairu. Na ce ku bari Janairu ya zo, wadda ke gabanku ma kun iya ta?

To ga yadda ake yi. Da farko ka saita gudun kiɗan, sa shi bugu 100 a minti. Layin maɓallan nan 16 tun injin gangar Roland TR-808 na 1980 haka tsarin yake, ko a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio shi za ka tarar. Zaɓi babbar ganga ka danna 1, 5, 9, 13. Sai tafi a 5 da 13. Ƴar ƙaramar kacau-kacau ɗin nan kuma ka zuba ta a 3, 7, 11, 15.

Yanzu kunna ka ji, zai fito a sandare kamar faretin soja, nan ne shuffle ke aiki, shi ke ɗan jinkirta bugun da ke kan maɓallai irin su 2, 4, 6, 8, don haka sai ka ƙara kacau-kacau a wasunsu, sannan murɗa shi kaɗan kawai kiɗan ya ɗan yi rangaji irin na kalangu, in ka cika shi kuma ya koma ɗingishi. Ka sa accent, wato ƙarin ƙarfin bugu, a 1 da 9.

Kai dai yi sebin kafin a ɗauke wuta.