Yadda muke kashe bishiyar da muke so

Sunayen unguwanninmu na Kano kaɗai sun isa shaida cewa dā akwai itatuwa: Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Kasuwar Rimi. Yau je ka nemi itatuwan. Masu gatari suna da nasu laifin, amma wasu mu masu son su ne muke kashewa, don mun ɗauka bishiya turke ce da ke rayuwa ita kaɗai.

Babban kuskure a sababbin gidaje shi ne a malala siminti ko a jera intalok har jikin gindi. Saiwa tana buƙatar iska da ruwa, haka ma tana da ƙananan halittun da ke sassauta mata ƙasa. Ka toshe su, shekara biyu ko uku sai ka ga rassan sama suna bushewa, a ce sammu ne. A fasa, a bar mata fili ko da taku biyu ne ta kowane ɓangare.

Sai sharar ganye a cinna masa wuta. Ganyen nan shi ne takinta. A tara shi a ƙarƙashinta ya ruɓe, amma kada ya manne da jikinta.

Na feshi ya fi ba ni haushi. Da hunturu mangwaro ya yi fure, ƙudaje da ƙudan zuma suka yi masa caa, sai wani maƙwabcina ya ɗauko maganin ƙwari ya wanke shi tas. Da zafi ya zo yana ƙorafin bai yi 'ya'ya ba. To, Alhaji, masu kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan ai su ka kashe! Idan feshin ya zama dole, a bari sai fure ya zube. Jemagun da yara ke bi da danƙo ma aikin kai ƙurar furen nan suke yi wa kuka da rimi da ɗorawa, cikin dare.

Masu neman sassaƙen maɗaci kuma, kada ku zagaye gindin. Abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka yanke hanyar, shi ke nan. Ku ɗiba kaɗan ta gefe guda.

Ba kowane baƙo ake lallaɓawa ba dai. Kauci, tsiron nan da ke fitowa a kan reshen bishiya, wanda tsuntsaye ke kawo irinsa, tsotsar ruwan bishiyar yake yi. Tsinke ganyensa aikin banza ne, zai sake tohowa. Reshen da ya kama za ka sare, ƙasa da inda ya kumbura.