Yadda Ake Haɗa Sandar Fatsa da Gyaranta a Gida

Yawancin sandunan fatsa da ake yarwa suna da sauran amfani. Ko dai ɗaya daga cikin zobban da zaren fatsa ke bi ta cikinsu ne ya fita, ko kan sandar ya ɓalle, ko zaren da ke riƙe da zobe ya warware. Wanda ya iya gyara waɗannan ya riga ya ci fiye da rabin aikin haɗa sabuwa, domin duk abu ɗaya ake maimaitawa: a ɗaure zobe a jikin sanda da zare, a rufe da gam. Shi ya sa shawarata ga mai farawa ita ce ya nemi tsohuwar sanda ta gwanjo ya koya a kanta, kafin ya zuba kuɗi a sabuwa.

Masunta na gado a ƙasar Hausa sun fi aiki da taru da birgi da mamari, a bikin Argungu kuwa da homa da goran duma ake faɗawa ruwa. Haɗa sanda mai zobba da injin naɗe zare don sha'awa ya fi ƙarfi ne a Amurka da Ingila da Japan. Japanawa har yau suna da magina sandar itacen gora da ke naɗe ta da zaren siliki, su shafe ta da ƙaron wani itace. Sandar faiba ta fito a shekarun 1940, ta kabon kuma kamfanin Fenwick na Amurka ya fitar da ita a 1973. Amma mai zuwa madatsar Tiga ko tafkin Kainji da fatsarsa ba abin da zai hana shi haɗa tasa.

Kayan aiki

Abu na farko sanda tsura, wadda ba a ɗaura mata komai ba. Faiba ta fi nauyi amma tana jure wahala. Kabon ba ta da nauyi, tana sa ka ji ko ɗan taɓin da kifi ya yi wa ƙugiya, sai dai ƙwanƙwasa kaɗan tana iya tsaga ta. Ga mai koyo, faiba. A kuma kiyaye: kabon na ɗaukar wutar lantarki, don haka ba a ɗaga ta kusa da wayoyin wuta, ba a riƙe ta ana tsawa.

Sai zobba, daga babba zuwa ƙarami, da zoben kai mai ɗan bututu. Na kamfanin Fuji na Japan sun yi suna. Sai mazaunin inji, da mariƙi na soso mai tauri irin na silifas. Sai zaren nailan siriri, gam mai haɗi biyu irin Araldite, gam ɗin kyandir da ake narkawa, gam na musamman mai ruwa-ruwa na rufe zare, reza, magagari, samfefa, tef ɗin takarda da sifirit daga kemis. Ba ka buƙatar injin juya sanda wajen naɗin zare. Samu kwali, ka yanke baki biyu masu siffar V a gefe da gefe, sanda ta kwanta a ciki tana juyawa.

Gano ƙashin bayan sanda

Da yake naɗe ƙyallen faiba ko kabon ake yi a masana'anta, kowace sanda tana da gefen da ta fi son lanƙwasawa. Ɗora gindinta a kan siminti mai santsi, ka tallafi kusa da kan da tafin hannu, ka danna tsakiyar da ɗaya hannun har ta rusuna, sannan ka mirgina ta a hankali. Za ka ji ta yi tsalle ta zauna a wani gefe. Manna tef ka yi alama. Idan injin a ƙasan sanda zai rataya, zobba su bi cikin lanƙwasar. Idan a sama zai zauna, su bi bayanta. Wasu maginan sun ce wannan ba shi da wani tasiri, sun fi duba gefen da sanda ta fi miƙewa. Ni dai ina yi, tunda ba ya cin minti biyar.

Mariƙi da mazaunin inji

Daga kan sanda ake zura su, a gangaro da su zuwa gindi. Idan ramin mariƙi ya yi ƙanƙanta, faɗaɗa shi da magagari kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Mazaunin inji kuwa yawanci yana yin yawa, sai a naɗa tef a wuri biyu ko uku a jikin sanda har ya shiga daram. Goga wurin da samfefa sama-sama, cakuɗa Araldite, shafa har tsakanin tef ɗin, ka tura, ka daidaita shi da alamar da ka yi. Goge abin da ya tsiyayo da sifirit tun bai bushe ba. Bar shi ya kwana.

Jera zobba

A nan ake gane sanda mai kyau. Ƙa'idar da aka saba ita ce zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, ban da na kai. Sanda mai ƙafa 7, wato kimanin mita 2.1, za ta ci zobe 7 ko 8. Fara da manna zoben kai da gam ɗin kyandir. Na biye da shi ya zauna kamar santimita 10 daga kai, tazarar kuma ta riƙa ƙaruwa kana gangarowa, babban zobe ya tsaya wajen santimita 50 daga bakin inji.

Wannan lissafi mafari ne kawai. Manna zobban da tef, ɗaura inji, zura zaren fatsa, ɗaure bakinsa a ƙafar tebur, ka ɗaga sanda har ta lanƙwasa. Dubi zaren. Ya kamata ya bi lanƙwasar sanda sannu a hankali. Inda ka ga ya yi kusurwa mai kaifi, ko ya taɓa jikin sanda, tazarar ta yi yawa, matsar da zoben. Fita fili ka yi jifa kaɗan, ka saurara ko zare na marin sanda tsakanin inji da babban zobe. Kada ka yi gaggawa a nan, domin tef ana ɓare shi, gam kuwa sai da reza.

Naɗin zare

Kafin komai, goge bakin ƙafar kowane zobe da magagari har ya yi gangare, in ba haka ba zare ba zai hau ba, zai tsaya yana taruwa a gindi. Saka dunƙulen zaren nailan cikin kofi, ka bi da zaren ta tsakiyar littafi mai kauri. Nauyin shafuka shi zai ba shi ɗauri daidai. In ya yi sako-sako, ɗora wani littafin a kai.

Fara kamar rabin santimita kafin bakin ƙafar zobe. Zagaya sanda sau ɗaya, ka haye kan jelar zaren, ka juya sanda sau biyar ko shida a kanta, ka yanke abin da ya rage. Ci gaba da juyawa, kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan'uwansa kamar kitso, ba giɓi ba hawa kan juna, kana turawa da farce. Idan saura zagaye bakwai ko takwas, ninka wani ɗan guntun zare biyu ka shimfiɗa, bakin madaukin na kallon zobe, ka naɗe a kansa. Danne da yatsa, yanke zaren, zura jelar cikin madaukin, ka ja. Jelar za ta shige ƙarƙashin naɗin ta fito ta gefe, sai ka share ta da reza. Babu ƙulli ko ɗaya. Ɗaurin da ya yi daidai shi ne wanda za ka iya ɗan gusar da zobe da babban yatsa, don da haka za ka leƙa ta cikinsu ka daidaita su a layi guda.

Rufewa da gam

Auna ruwa biyun gam ɗin rufe zare daidai wa daida da sirinji, cakuɗa a hankali na minti uku don kada ya yi kumfa. Shafa da ƙaramin buroshi kana juya sanda. Daga nan sai haƙuri: a riƙa juya ta rabin zagaye duk bayan 'yan mintuna har wajen awa biyu, in ba haka ba gam zai taru a ƙasa ya yi tumbi. Masu dabara kan ciro motar da ke juya faranti a tsohon makirowef ta yi musu wannan aikin. A bazara gam na saurin kamawa, don haka yi da asuba, ka cakuɗa kaɗan-kaɗan. A hunturu ƙura ce matsala: yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, rufe taga. Kada ka taɓa sai bayan awa 24. In gam ɗin musamman bai samu ba, banish na kafinta shafi uku ko huɗu yana riƙewa, sai dai ba ya daɗewa kamar wancan.

Gyara

Idan zaren fatsa na yawan tsinkewa ba dalili, zargi zobe. Zura auduga cikin kowanne ka juya. Wanda ya tsage zai kama gashin audugar. Don cire shi, ɗan ɗumama gam ɗin, ka yanka da reza a kan ƙafar ƙarfen kaɗai, kada kaifin ya taɓa jikin sanda. Ɓare saura da farce, ka naɗa sabo.

Kan da ya ɓalle ya fi sauƙi. Daidaita bakin karayar da samfefa, nemi zoben kai da bututunsa ya dace da sabon kaurin, ka manna da gam ɗin kyandir. Kada ka sa Araldite a nan, domin gobe in za ka canza, ɗan zafin ashana ya isa ya saki gam ɗin kyandir, wancan kuwa sai ka ƙona sanda.

Karaya a tsakiya ita ce mai wuya. Yanko guntu daga wata matacciyar sandar faiba, wanda zai shiga ciki ya cika ramin, ya kai kamar santimita 5 a kowane ɓangare. Shafa Araldite, haɗa, ka tabbatar zobban sama da na ƙasa suna layi ɗaya, sannan ka naɗe wurin da zare ka rufe da gam don kada bakin ya ci gaba da tsagewa. Wurin zai yi tauri, lanƙwasar ba za ta koma yadda take ba. Irin wannan sanda a bar ta wa karfasa da ƙananan tarwaɗa, kada a kai ta gaban giwan ruwa.