Idan Sallah Ta Faɗo Ranar Makaranta

Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki a Sallarsa ta farko a Turai ko Amurka shi ne shiru. Ka fito tsaf cikin sababbin kaya, bas na wucewa kamar kullum, maƙwabci ya rataya jaka zai tafi aiki, masu kwashe shara suna ta hidimarsu. Kai babba ka san ranar Idi ce ko titi ya nuna ko bai nuna ba. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa da ido yake gane biki, kuma abin da idonsa ya gani shi ne watan Disamba: fitilu a kowane lungu, bishiya a cikin aji, waƙoƙi tun daga Nuwamba. A gida gari ne yake yi wa yaro Sallah, iyaye ɗinki da girki kawai ke wuyansu. A nan idan ba ku tayar da ranar da hannunku ba, haka za ta zo ta wuce yaro bai san an yi ba.

Ku fara da makaranta, domin nan ne sababbin zuwa suka fi yin tuntuɓe. A Ingila doka ta yarda yaro ya yi fashin makaranta a ranar da addinin iyayensa ya keɓe don ibada, amma sai an sanar. Ku aika wa ofishin makaranta imel ko takarda tun da sauran makonni, ku rubuta ranaku biyu, ku yi bayanin cewa ɗaya daga ciki ce za ta kama gwargwadon ganin wata. Yawancin makarantu rana ɗaya suke bayarwa a kowace Sallah. Wanda ya ce zai haɗa da na yawon Sallah, ko ya kwashi yara ya tafi gida ana tsakiyar zangon karatu, ya sani tun watan Agustan 2024 tarar fashi ba izini fam 80 ce a kan kowane yaro, kuma uwa daban uba daban, ta koma fam 160 idan kwana 21 ya wuce ba a biya ba. Akan fara duba batun tarar ne idan fashin ya kai kwana biyar cikin mako goma. A birnin New York kuwa an hutar da iyaye wannan wahalar, tun 2015 zamanin magajin gari Bill de Blasio aka sa Sallah ƙarama da babba cikin ranakun hutun makarantun gwamnati. Sauran Amurka kowace gunduma da tsarinta, haka ma Jamus kowace jiha da nata. Wurin aiki ma ku nemi hutun kwana biyu tun da wuri, gara ku mayar da ɗaya daga baya.

Sai batun sanyi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, shi ya sa Sallah take ja da baya kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta riga ta shigo watan Maris, tana gangarawa Fabrairu, kuma a 2030 azumi sau biyu zai kama cikin shekara ɗaya, Janairu da Disamba. Wato yaran da kuke goyo yanzu a cikin hunturu za su yi wayo da ƙaramar Sallah. Idan za ku aika a yi musu ɗinki, ku ce wa tela ya sake hannu da ƙirji yadda rigar sanyi za ta shiga daga ciki. Shadda tsura a jikin yaro da safiyar Fabrairu ba kwalliya ba ce, kuka za ku sha tun daga ƙofar masallaci. Masallatai da yawa jam'i biyu ko uku suke yi saboda ƙarancin wuri. Masu ƙananan yara su zaɓi na biyu, kowa ya karya a natse.

Yanzu ga ainihin maganar. Ɗan Adam da wuya ya tuna abin da ya faru kafin ya kai shekara uku, kuma abin da ke zama a kan yaro bayan nan shi ne abin da aka maimaita. Gagarumin biki sau ɗaya ba ya kama zuciyarsa kamar ɗan ƙaramin abu da ya san zai dawo baɗi. Saboda haka ku zaɓi abu uku ko huɗu waɗanda ba za su gagare ku ba ko a shekarar da aljihu ya yi sanyi, ku riƙe su.

Ku samu kwali guda, ku sa masa suna kwalin Sallah, ku ɗora shi can saman kabad. A ciki akwai fitilu, da jinjirin wata na takarda, da ledar tebur da ba a shimfiɗa ta sai ranar, da kofuna na musamman. Ba a sauke shi sai daren da aka ga watan azumi, kuma yaro ne zai buɗe. Ku lura da fuskarsa a shekara ta biyu, lokacin da ya zaro watan da ya yanka da hannunsa bara, gefe ɗaya a karkace, gam ya bushe a jiki. Kada ku jefar da shi don ya yi muni, shi ne ma jarin kwalin. Fitilun kuwa ku jira farkon Janairu, lokacin da shaguna ke karyar da kayan adon Kirsimeti. Fitila fitila ce, ba ta da addini, takardar naɗe kyauta ma akwai marar hoton komai.

Yaro bai san mako huɗu ba, amma ya san ƙirga. Ku liƙa ambulan talatin a bango, kullum bayan buɗa-baki ya buɗe ɗaya: yau alewa, gobe takarda mai cewa Baba zai yi tatsuniya, jibi a kira Kaka a waya. Wannan kiran na kakanni ku ba shi lokaci tsayayye ranar Idi, ku yi lissafin bambancin awoyi, yara su gaishe su da Hausa ko da kalma uku ce suka iya. Kuɗin barka da Sallah kuma ku tanade su tun da saura, don a ƙasashen nan mutum sai ya yi wata bai taɓa takardar kuɗi ba, komai da kati. Yaro ba ya murna da kuɗin da aka tura a waya, so yake ya ji su a tafin hannunsa ya yi ta ƙirgawa. Mata masu yi wa 'yan mata lalle a daren Sallah, ku tsaya ga ja na asali. Baƙin da ake sayarwa a robobi sau da yawa akwai sinadarin rinin gashi a ciki, hukumar lafiya ta Ingila ta yi gargaɗi a kai, yana iya ƙona fatar yaro ya bar tabo.

Ba na ganin gida ɗaya zai iya yin Sallah shi kaɗai, komai ƙoƙarin uwa. Ku nemi gida uku ko huɗu masu yara sa'annin naku, ba lallai sai Hausawa ba, ku raba: karin kumallo a nan, rana a can, yamma a filin wasa. Yawon Sallah ke nan, ko da a jirgin ƙasa aka yi shi. Masu zama kusa da manyan birane kuma su kai yara su ga taro da idonsu. A Birmingham dubban mutane ke sallar Idi a filin Small Heath idan yanayi ya yi kyau, a Landan ofishin magajin gari na shirya bikin Sallah a dandalin Trafalgar, kuma tun 2023 ake kunna fitilun azumi a tsakiyar birnin. Yaron da ya ga haka ya daina zaton Sallah wani sirri ne na gidansu.

Layya a nan yawanci ba a ganin rago. A Ingila da Faransa da Jamus doka ta hana yankan layya a bayan gida ko a gareji, sai a mayanka mai lasisi. Mahauci ake ba wa oda tun da makonni, naman ya iso a leda, wani lokaci sai washegari ko jibi. Abin da ya rage wa yaro shi ne rabo, to ku ba shi. Shi zai riƙe ƙunshin zuwa ƙofar maƙwabta, amma ku fara tambaya, don akwai da yawa da ba sa cin nama sam, irin waɗannan biskit ya wadatar.

Murnar ranar haihuwa kuwa malamai sun saɓa a kai, kuma ba ni da hurumin fatawa. Abin da zan ce, Abban yara da Maman yara su zauna su yanke magana ɗaya tun kafin yaro ya shiga nazare, don daga ranar da ya shiga katin gayyata zai fara biyo shi gida a jaka. Idan kun zaɓi ba ku yi, ku gaya wa malamar ajin cikin mutunci, sannan ku ba yaron wata rana da za ta zama tasa: ranar da ya haddace sura, ko ranar da ya fara azumin rabin yini. Hana shi kawai ba tare da madadi ba, shi ne ke sa ya ɗauka duk wani abin daɗi na wasu ne.

Idan kuna yi, ko kuna barinsa ya je na abokai, akwai ƙa'idojin da ba wanda zai gaya muku. Haruffan RSVP a ƙasan kati na nufin a ba da amsa, za a zo ko ba za a zo ba, domin da kai ake biyan kuɗin wurin. In an rubuta ƙarfe biyu zuwa huɗu, to biyu ɗin ce, huɗu na yi ana naɗe tebur. Wanda sunansa ke kan kati shi kaɗai aka gayyata. Kada ku ɗebo ƙanne da yayye sai kun tambaya. Yara ƙanana iyaye kan zauna tare da su, daga wajen shekara shida akan ajiye su a dawo ɗauka. Kyauta 'yar ƙarama ta isa, littafi ko fensirin kala, da kati da yaron ya rubuta sunansa da kansa. Ku faɗi batun halal tun a saƙon amsa, ba a jin haushi, sun saba da jerin abin da yara ba sa ci. Alewa mai danƙo ce abin lura: Haribo da ake yi a Jamus yawancinta da sinadarin alade, wadda ake yi a Turkiyya kuma ta shanu ce, akwai tambarin halal a leda.

Ku ma idan za ku aika wani abu aji, gyaɗa ita ce babbar matsala. Akwai yaran da ɗan ɓurɓushinta ke toshe wa numfashi, shi ya sa makarantu da yawa suka hana ta shiga kwata-kwata, wasu ma ba sa karɓar abin da aka girka a gida sai na kanti mai rubutun abin da ke ciki. A Amurka tun 2023 an ƙara riɗi cikin abubuwan da dole a bayyana a jikin leda. A Holand al'ada ce mai ranar haihuwa ya raba wa 'yan ajinsu ɗan abin taɓawa, a Jamus ma shi ke kawo kek, don haka a can tambayar malama tun da wuri ta zama dole.

Naku fatin ku yi shi daidai ƙarfinku. Ɗan shekara biyu bai san an kama zaure dominsa ba, hayaniya ma tsoro take ba shi, a ƙarshe barci zai yi a kafaɗar uwarsa ana yanka kek. Abokai huɗu, awa biyu, balan-balan da wasan ɓuya sun ishe ɗan shekara biyar. Sallah ma takan wuce ta bar wawa da bashi, balle fatin da aka yi don hoton Instagram da katin bashi mai ruwa. Inabi a tsaga shi a tsaye ga yara 'yan ƙasa da biyar, fasasshen balan-balan a tsince nan take, hoton 'ya'yan mutane kuma kada ya hau intanet sai da izinin iyayensu.

Bukukuwan mutanen ƙasar za su zo su same ku ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Daren 31 ga Oktoba yara ke bin gidaje neman alewa cikin shigar dodanni. Wanda ba ya so ya kashe fitilar ƙofa, kada ya ajiye kabewa a bakin ƙofa, don ita ce alamar ana maraba da su, yawanci ba za a ƙwanƙwasa ba. A Ingila 5 ga Nuwamba daren wasan wuta ne, ku gaya wa yara tun da rana cewa ƙarar ba ta bindiga ba ce, musamman waɗanda suka taso inda aka sha jin ta gaske. A Jamus wajen 11 ga Nuwamba yaran nazare ke zagaye unguwa da fitilun takarda da suka haɗa da kansu. Wasan kwaikwayon Kirsimeti a makaranta kowane gida da inda yake ja layi; a Ingila iyaye na da haƙƙin cire yaro daga taron addu'ar makaranta da darasin addini, sai dai a yi shi da magana da shugaban makaranta, ba da fashi ba. Ku kuma ja wa naku kunne kada ya je aji yana shelar cewa tsohon nan mai jar riga da farin gemu, wanda ake ce wa yara shi ke kawo musu kyautar Kirsimeti, ƙarya ne. Iyaye a nan ba sa ɗaukar wannan da wasa.

'Yan uwanmu Hausawa Kirista su ma suna shan nasu mamakin, domin Kirsimetin Turai biki ne na cikin gida, ƙofa a rufe, titi wayam. Ranar 25 ga Disamba babu bas babu jirgin ƙasa a Landan, manyan kantuna a Ingila doka ta rufe su. Mai son zuwa coci ko ziyara ya shirya mota tun da wuri. Ga Musulmi kuwa rana ce da ba aiki ba makaranta, kowa na gida, ta dace da haɗa yara da gidajen nan uku ko huɗu a ci abinci tare. A Jamus shaguna na rufewa tun da ranar 24, ba sa buɗewa sai 27, in kuma ta faɗo Lahadi sai 28. Madarar jariri da famfas da maganin zazzaɓi ku saye su tun ranar 23.