Ka Sayi Kyamara? Gwada Ta Tukuna Kafin Ka Ƙara Mata Kaya

Mu masu ɗaukar hoto don sha'awa a nan Jos, yawancin kyamarorinmu 'yan gwanjo ne. Wani ya sayo a Banex da ke Wuse 2 a Abuja, wani an turo masa daga Computer Village a Ikeja, wani kuma hannu da hannu ya karɓa. Idan muka haɗu ran Asabar aka fito da sabon kaya, sai ka ji ana ta "Allah ya sanya albarka", sannan a shiga maganar jaka da filasha da ƙafa uku. Ni dai shawarata kullum ita ce a dakata. Kwanakin farko na gwaji ne, tun mai kaya bai manta fuskarka ba, tun rasit yana da amfani.

Fara da adadin hoton da kyamarar ta taɓa ɗauka. Shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka ɗauki hoto, tana da iyakar aiki, ƙananan kyamarori irin su Nikon D3500 ko Canon 2000D, waɗanda duka suka fito a 2018, ana ƙiyasta musu kusan dannawa 100,000. Nikon tana ɓoye wannan lamba a cikin bayanan kowane hoto, don haka ka ɗauki hoto ɗaya ka ɗora a shafin da ke karanta ta a intanet. Canon kuwa galibi sai ka jona ta da kwamfuta ta kebul, wata manhaja ta karanto maka. Idan an ce maka "ba a yi wani aiki da ita ba" amma lamba ta nuna 80,000, to ka san ta sha bukukuwa, kuma kuɗin da ka biya ya kamata ya nuna haka.

Daga nan sai sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, inda nake so ka fi ɓata lokaci. Saka kyamara a Av idan Canon ce, ko A idan Nikon ce (tsarin da kai ke zaɓar girman ƙofar haske), ka matse ƙofar haske zuwa f/22, ISO (ƙarfin jin haske) a 100. Fita waje ka ɗauki sararin sama inda babu gajimare, ko farin bango. Kada ka duba hoton a ɗan allon kyamara, buɗe shi a kwamfuta ka faɗaɗa. Ɗigo-ɗigo masu duhu da ke zama wuri guda a kowane hoto ƙura ce, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne, robar hura iska tana fitar da yawancinta. Ka kifa bakin kyamara ƙasa lokacin da kake hurawa. Kada ka hura da baki, yawu zai bi, kada kuma ka sa auduga ko gefen riga. Abin da zai sa ka mayar da kaya shi ne zane dogo da bai motsa ba bayan hurawa, domin wannan zai iya zama ƙarzuwa.

Lens, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, shi ma haka. Cire shi, buɗe murfin gaba da baya, ka haska tocilar wayarka ta ciki a ɗaki mai duhu. 'Yar ƙura kaɗan kowane lens yana da ita. Amma idan ka ga farin zare-zare ya bazu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, kuma tana cin rufin gilashin. Kada ka ajiye shi jaka ɗaya da sauran kayanka.

Idan duk wannan ya yi kyau, to a yi maganar ƙari. Lens ɗin 18-55 da ke zuwa da kyamara ya ishe ka koyo. Wanda zan ce ka fara tara wa kuɗi shi ne 50mm f/1.8, saboda yana shan haske sosai, yana kuma narkar da abin da ke bayan mutum a hoto. Sai dai ka kula ƙwarai idan Nikon D3500 ce a hannunka: ba ta da injin juya lens a jikinta, don haka sai mai rubutun AF-S ko AF-P ne zai daidaita gani da kansa. Tsohon 50mm f/1.8D ya fi araha, zai hau, amma da hannu za ka riƙa murɗawa. Masu Canon 2000D su leƙa mazaunin filasha a saman kyamara, domin wasu ba su da ƙarfen tsakiya, kuma filasha mai araha ba lallai ta tashi a kansu ba. Je da kyamararka shago a gwada a gabanka.

Katin ajiya akwai jabu da yawa a kasuwa. Yana nuna 64GB, ana cikin aiki hotuna su ɓace. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Mai son bidiyo ya nemi mai alamar V30, wadda ke nuna saurin katin wajen ajiye bidiyo. Batir na biyu kuwa wajibi ne, ga halin wutarmu, ga kuma sanyin Disamba da Janairu da ke saurin shanye caji idan ka hau Dutsen Shere da asuba. Saka shi a aljihun ciki ya ji ɗumin jiki.

Yanayin Jos yana da fuska biyu ga kaya. Da hunturu ƙura ce, saboda haka kada ka canza lens a fili, shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamara tukuna. Da damina, musamman Yuli da Agusta, danshi ne. Samu robar abinci mai murfin da ke kamawa sosai, ka zuba ƙunshin silica gel da ake samu a kwalin takalmi, ka ajiye kyamara da lens a ciki. Jaka ta fita ce kawai, kada kaya su kwana a cikinta bayan ruwa ya taɓa ta.