"Rien, je dors": amsar da ta hana ni ɗaki a Liyon

Makon jiya na raka wani yaro ɗan Zariya duba ɗaki a Villeurbanne, garin da ke manne da Liyon a Faransa, watansa biyu da sauka. Kafin mu shiga na ce masa, "Ƙanena, in suka tambaye ka me kake yi in ba ka aiki, me za ka ce?" Ya kwashe da dariya, wai, "Haba Yaya, ɗaki na zo nema, ba aure ba." Sai na ja shi muka zauna a bencin tashar bas, don amsar da na san zai bayar ita ce ta sa na yi wata uku ina kwana a falon mutane.

Gaisuwa da ƙirga kuɗi da sayen tikitin jirgin ƙasa ba sa ba Bahaushe wahala. Mutumin da ya saba da gaisuwar minti biyar a ƙofar gida, bonjour da ça va ba za su kayar da shi ba. Mako biyu sun isa. Inda muke zubewa shi ne wata ƴar tambaya da muke ɗauka hirar banza ce: "Tu fais quoi de ton temps libre?" Ko kuma "Quels sont vos loisirs?" Wato me kake yi don nishaɗi.

A gida in aka ce maka "me ake ciki?" ladabi shi ne ka ce "ba komai, muna nan dai." Wanda ya tsaya lissafa abubuwan da yake so, sai a ce yana da surutu ko nuna kai. Da wannan tarbiyyar na sauka Faransa. Na haɗa takarduna tsaf: shaidar albashi ta wata uku, katin zama, da takardar Visale mai tsaya wa wanda ba shi da mai lamuni. Kuɗin hayar gida ni kaɗai ya fi ƙarfina, sai na koma neman colocation, gidan da mutum uku ko huɗu ke haɗa kuɗi, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa. Abin da ban sani ba shi ne, mai gida takardu yake dubawa, amma mazauna gidan mutum suke dubawa, kuma su ke cewa e ko a'a.

Gida na farko ba zan manta da shi ba. Samari biyu da budurwa ɗaya, suka zaunar da ni a kicin, aka zuba mini shayi marar sukari a wani ƙaton kofi. Yarinyar ta yi tambayar nan tana murmushi. Na ce, "Rien. Je dors." Ba komai, barci nake. A zuciyata na gama burge su: ga mutum mai hankali, ba hayaniya, ba kwashe-kwashen abokai. Kicin ya yi tsit, har ƙarar firji nake ji. Ɗaya ya sake gwadawa, ko ina fita ƙarshen mako? Na ce non. Suka raka ni ƙofa da "on te rappelle", za mu kira ka. Sababbin zuwa, ku riƙe wannan: in kun ji ta, yawanci an sallame ku ne cikin mutunci. Gida huɗu na shiga da amsar nan, huɗun duka shiru. Har na fara cewa baƙar fatata ce, kuma ba na musun akwai inda hakan ke faruwa, amma a nan bakina ne ya ja mini.

Wani dattijo ɗan Maraɗi, wanda duk muke kira Baba, shi ya warware mini. Allah ya saka wa mutanen Nijar da alheri, su ne tafintocinmu mu ƴan Najeriya a ƙasar nan, tun daga asibiti har ofishin takardu, ba su taɓa karɓar ko sisi ba. Da na ba shi labari sai da ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ɗana, ai ce musu ka yi gawa za su ajiye a ɗaki. A Kano me kake yi bayan la'asar?" Na ce ƙwallo a filin unguwa, dara a majalisa, kuma ni ke dafa wa abokai dafa-duka. Ya ce to su ne loisirs ɗinka, ka tsaya kana raina su.

A bayan wata takardar kantin sayayya ya rubuta mini abin da har yau nake koya wa yara. Wasa, ko na ƙwallo ko na karta, jouer à ne: je joue au foot, je joue aux cartes. Kayan kiɗa kuwa jouer de: je joue du tambour. Sauran yawanci faire ke ɗauka: je fais du vélo, je fais de la couture. Abin da kake so, j'aime da aikatau kai tsaye: j'aime cuisiner, j'aime lire. Sannan ka ƙara lokaci, le dimanche ko le soir, ka rufe da "et toi?" don hirar ta koma wajen mai tambaya ka samu ka numfasa. Dambe ka ce boxe traditionnelle, kokawa lutte traditionnelle. Dara ba ta da suna a wurinsu, ka ce "un jeu de chez nous", wasan garinmu ne, za ka ga sun matso suna son bayani. Ƴan'uwa mata, kitso da lalle sana'a ce kuma abin hira ne: je fais des tresses, je fais du henné. Abu ɗaya Baba ya ja mini kunne a kai: in wani ya kwanta maka a rai a matsayin aboki, "je t'aime bien" ake cewa. Ka yar da bien ɗin nan, ka furta soyayya ke nan.

Gida na biyar na ce ina buga ƙwallo ran Lahadi, kuma ina dafa shinkafa mai yaji sosai. Nahawun ma a karkace ya fito. Ɗayansu ya ce yaji kamar yaya? Muka yi rabin awa a kan barkono. Washegari aka kira ni.

Kada ku ɗauka a neman ɗaki kaɗai tambayar take. Tana cikin tambayoyin da aka saba yi a sashen magana na jarrabawar Faransanci ta DELF a matakan farko, A1 da A2, inda mai jarrabawa ke sa ka gabatar da kanka. Kuma tun daga 1 ga Janairun 2026, bisa dokar shige da fice ta 2024, A2 ake nema ga mafi yawan masu son katin zama na shekaru, B1 ga katin shekara 10, B2 ga mai neman zama ɗan ƙasa. A ƙasan takardar neman aiki ma akwai gurbin centres d'intérêt, wato abubuwan da kake sha'awa, kuma mai ɗaukar aiki yakan ɗauko hira daga nan. Abin da ke ba ni haushi, sai ka ga yaro ya shekara a nan, daga ɗaki sai aiki sai TikTok, in ya fito kuma sai majalisar Hausawa a unguwar Guillotière ta Liyon, sannan yana kukan Faransanci ya ƙi zama. Ina zai zauna, tunda ba a ba shi wuri ba?

Duk watan Satumba ƙananan hukumomi kan shirya forum des associations, inda ƙungiyoyin unguwa ke baje tebura: ƙwallo, iyo, ɗinki, darasin harshe. Shiga kyauta ne. Ka je ka tsaya gaban tebur ɗaya ka ce "je voudrais m'inscrire", ina so in yi rajista, ka tambayi cotisation, kuɗin shekara ke nan. A can na samu ƙungiyar da nake bugawa, kuma a fili na koyi Faransancin da ba a koyarwa a aji, har da zagin alƙalin wasa.

Ɗan Zariyan nan, a bencin muka haƙo nasa: ashe yana gyaran keke tun yana ƙarami. Ya shiga yana ta maimaita "j'aime réparer les vélos" a ƙasan maƙoshi kamar mai haddar allo. Da muka fito ya ce mini ɗaya daga cikin mazauna gidan ta nuna masa kekenta a baranda, birkin baya ya lalace, ta ce ko zai dawo ran Asabar ya duba.