Yadda Ake Bin Sawunka a Intanet da Hanyar Rage Shi

Duk wanda ya taɓa duba farashin takalmi a wani shafi, sannan ya ga tallan takalmin yana biye da shi har cikin Facebook, ya san abin da ake nufi da bin sawu. Shafin da ka buɗe ba shi kaɗai ke ganinka ba, domin a cikinsa kamfanonin talla irin su Google da Meta sun dasa 'yan leƙen asirinsu, waɗanda ke ajiye wa burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, wata alama da ake kira kuki. Da zarar ka shiga wani shafin mai ɗauke da irin wannan dashe, sai a gane cewa kai ne, kuma a haka ake tara labarin abin da kake karantawa da abin da kake sha'awar saye.

Matakin da ya fi kowanne amfani shi ne zaɓen burauza. Safari ta toshe kukis ɗin baƙin kamfanoni tun 2020, ita kuwa Firefox a 2022 ta fara killace kukin kowane shafi a wurinsa, ta yadda ba zai bi ka wani wuri ba. A Firefox, har ta wayar Android, ka ƙara ƙaramar manhajar uBlock Origin, wadda ke tare masu bibiyar tun kafin su buɗe, abin da ke rage cin data. Mai amfani da Chrome sai ya shiga saiti, sashen sirri da tsaro, ya toshe kukis ɗin baƙin kamfanonin da hannunsa.

Kada ka dogara da Incognito, wato tagar sirri ta burauza. Babban aikinsa shi ne hana wayar ajiye tarihin inda ka shiga, amma kamfanin sadarwa da mai Wi-Fi suna iya ganin shafukan da kake ziyarta, shafin kuma yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshin na'urarka a intanet, har yana iya shaida ka ta girman allo da samfurin waya da harshen da ka zaɓa.

A ganina manhajojin waya sun fi shafuka ɓarna. A Android, ka shiga saiti, ka nemi sashen talla, ka goge lambar tallarka, wadda masu talla ke gane wayarka da ita. A iPhone, tun 2021 dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawunka, sai ka ƙi. Daga nan ka bi manhajojinka ɗaya bayan ɗaya, ka ƙwace izinin sanin wuri da na ganin lambobin waya daga duk wadda aikinta bai buƙace su ba, musamman manhajojin bashi, waɗanda wasunsu a Najeriya suka yi ƙaurin suna wajen tura wa 'yan'uwan mai bashi saƙon cin mutunci.