Yadda Mai Bi Zai Dogara ga Allah Sa'ad da Zuciya Ta Ce Ya Yi Nisa

Idan masifa ta afka wa mai bi, ko rasuwa ce, ko doguwar jinya, ko gudun hijira, abin da ke fara gushewa shi ne jin cewa Allah yana kusa. Ka durƙusa, bakin ya yi nauyi. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne auna kusancin Allah da abin da zuciya ke ji. Zabura 34:18 ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, kuma ba ta ce sai sun ji hakan a jikinsu ba. Alkawarin yana nan. Aikinka shi ne ka riƙe shi da ƙananan abubuwa da za ka iya yi ko ƙarfinka ya ƙare.

Fara da jiki. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu jeji har ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci. Sai daga baya Allah ya yi masa magana a Dutsen Horeb. Don haka ka ci, ka sha ruwa, ka kwanta. Makon farko na makoki ba lokacin dogon azumi ba ne, domin yunwa da rashin barci suna ƙara wa tunani duhu.

Sannan ka ware minti 10 kowace safiya, a wuri ɗaya, ka karanta Zabura 13 da murya. Ayoyi 6 ne kawai, amma a ciki akwai tsarin addu'ar mai wahala. A ayoyi biyu na farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. A biyu na tsakiya ya yi roƙo. A na ƙarshe ya tuna ƙaunar Allah. Bi wannan sawun da bakinka: faɗa wa Allah abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, ka roƙi abu ɗaya tak na wannan ranar, sannan ka ambaci wani alheri ɗaya da ya taɓa yi maka. Kada ka tsallake kukan don ka yi saurin kaiwa ga yabo, yabon da aka tilasta ba ya ɗorewa. Wata rana ba za ka iya kaiwa mataki na uku ba. Wannan ba ridda ba ce: Zabura 88 cikin duhu ta ƙare, kuma Yesu kansa farkon Zabura 22 ya furta a kan gicciye. Ranar da kalmomi suka ƙi zuwa gaba ɗaya, faɗi Addu'ar Ubangiji a hankali, ko ka zauna shiru. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu ce ba.

Dare ya fi wuya. Rubuta aya ɗaya a takarda ka ajiye kusa da shimfiɗa, ka riƙa tunani a kan ayar nan mako guda. Ishaya 43:2 ta dace, domin ba ta yi alkawarin ba za ka shiga ruwa ba, ta ce zai kasance tare da kai a ciki.

Kada ka janye daga mutane. Zaɓi biyu, fasto ko dattijon ikilisiya ko wata uwa daga zumuntar mata, ka gaya musu takamaiman abin da kake bukata. Je sujada ko da a bencin baya za ka zauna ba ka rera komai ba.

Abu biyu ne suka fi karya mutane. Na farko, tonon wane zunubi ne ya jawo wannan. In ka san laifi, ka tuba, amma ka tuna amsar Yesu game da mutumin da aka haifa makaho a Yohanna 9:3: ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Na biyu, sa wa Allah wa'adi, da bin masu sayar da annabci ko masu cewa ka bar shan magani don nuna bangaskiya. Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ƙayar kuwa ta zauna. Ci gaba da maganinka. Idan makonni biyu suka wuce ba barci ba cin abinci, ka ga likita. In kuwa tunanin kashe kanka ya zo, gaya wa wani a ranar, kada ka kwana kai kaɗai.